Wa Zai Shigo? Yadda Nake Haɗa Tawagar Pokémon

Ƙanena ne ya yi mini dukan da ya sa na zauna na koyi wasan nan da gaske. Ina da ɗan shagon gyaran waya da caji a wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, kuma bayan isha'i idan ƙafa ta ɗauke mukan jawo benci mu buga Pokémon a waya. Tun ina yaro na san wasan, a wata tsohuwar Game Boy ta ɗan maƙwabtanmu, saboda haka da yaron ya ce mu gwada sai na yi masa dariya. Na jero Charizard da Gyarados da Dragonite da wasu uku, duk ƙarti. Shi kuwa a zagayen farko ko taɓa ni bai yi ba. Stealth Rock ya watsa mini a fili, duwatsun nan masu yankar duk dodon da ya shigo. Charizard na sako ƙafa rabin jininsa ya zube. Gyarados ya shigo, rubu'i ya tafi. Dragonite ma haka.

"Yaya," ya ce, "mi za ka sa ya share maka duwatsun nan?"

Ba ni da kowa. Ban ma san ana sharewa ba.

Tun daga daren nan tambaya ɗaya nake yi wa kaina a duk lokacin da zan haɗa tawaga: idan abokin karawa ya fito da wane, wa zan tura ya tare shi? Duk abin da zan faɗa nan gaba daga ita ya tsiro.

Inda muke bugawa, da yadda muke kiran abubuwa

Ba sai ka mallaki Nintendo Switch ba, mu ma ba wanda ke da ita a bencin. Pokémon Showdown muke amfani da shi, kyauta ne, yana buɗewa a burauzar waya, kuma kai za ka zaɓi dodanninka ka cika musu komai cikin 'yan mintuna, ba kamu ba kiwo. Data kaɗan yake ci, balle in ka kashe motsin hotuna. Da maki 1000 ake fara ka. Ka ci ka hau, a ci ka ka sauko.

Manyan tsare-tsaren biyu ne. Akwai na ɗai-ɗai, shida da shida, wanda 'yan wasan Smogon suka kasa aji-aji gwargwadon yadda ake yawan amfani da kowane dodo, kuma ajin da ya fi cika shi ne OU. Akwai na bibbiyu, VGC, wanda da shi kamfanin Pokémon ke shirya gasar duniya. Ni ɗan OU ne, na zamanin Scarlet da Violet da suka fito a Nuwambar 2022, don haka daga can misalaina za su fito.

A benci, HP jini muke ce masa. Abin da dodo ke riƙewa laya ce, irin ta 'yan dambe. Ability baiwa, nature hali. Kowane dodo da kowane bugu na da jinsinsa, kuma jinsunan 18 ma mun raɗa musu suna: Fairy Aljana ce, Ghost Fatalwa, Fighting Dambe, Flying Sama, Psychic Siddabaru, Dark Duhu, Steel Ƙarfe. Sauran kamar Wuta da Ruwa da Ciyawa da Ƙanƙara ba sa buƙatar bayani.

Kowa ya san ruwa na kashe wuta. Abin da sabon shiga ke tsallakewa shi ne ɗaya gefen teburin: wa ke jure wa. Can tawaga take. Fara haddace waɗanda bugu ba ya taɓa su ko kaɗan: Ƙasa ba ta taɓa Sama, Lantarki ba ya taɓa Ƙasa, Dambe da Normal ba sa taɓa Fatalwa, Fatalwa ba ta taɓa Normal, Siddabaru ba ya taɓa Duhu, Dafi ba ya taɓa Ƙarfe, Dragon ba ya taɓa Aljana. Duk lokacin da ka shigo da dodo a kan bugun da ba ya taɓa shi, ka ci zagaye guda a ɓagas, kuma da irin waɗannan zagaye ake tara nasara. Sai ka riƙe wannan: dodo ya yi bugu irin jinsinsa, ƙarfin yana ninkuwa sau ɗaya da rabi. Mu bugun gida muke cewa.

Fara da wanda zai gama wasan

Tsofaffin da ke dara a gindin dalbejiya sun san abin da nake nufi. Ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba a fara motsi sai an gama jeri. Gwani tun a wajen jerin yake cin ka, motsin cika aiki ne kawai. Haɗa tawaga jeri ne.

Kar ka fara da dodanni shida da kake so. Fara da ɗaya, ka ce da wannan zan share abin da ya rage a ƙarshe. Ni Dragonite na zaɓa, shi ɗin dai da aka wulaƙanta a daren farko. Baiwarsa Multiscale tana raba duk bugun da aka yi masa biyu muddin jininsa a cike yake, to yana samun sukunin yin Dragon Dance, rawar da ke ƙara masa ƙarfi da gudu mataki ɗaya-ɗaya, kowanne rabi a kan abin da yake da shi. Daga nan sai Extreme Speed, bugun da ke riga kusan komai fita ko da abokin karawa ya fi shi gudu, da Earthquake, bugun Ƙasa, sai Roost na maido jini. Layarsa Heavy-Duty Boots, takalman da ke hana duwatsu yankarsa, don yanka ɗaya ya isa ya kashe Multiscale.

Yanzu sai tambayar. Me ke kashe Dragonite? Ƙanƙara, har ninki huɗu. Sai Dutse, Dragon da Aljana. Wa zai shigo a kan waɗannan huɗun? Ƙarfe yana jure su duka. Na ɗauko Gholdengo, Ƙarfe da Fatalwa. Juya tambayar: me ke kashe Gholdengo? Ƙasa, Wuta, Fatalwa, Duhu. Ƙasa ba ta taɓa Dragonite, Wuta kuma yana jure ta. Ka ga sun rufa wa juna asiri. Idan ka samu dodanni biyu irin haka, kana da harsashin gini.

Na uku mai shara ne, saboda na yi rantsuwa ba za a sake yi mini abin da aka yi ba. Great Tusk, Ƙasa da Dambe, yana da Rapid Spin da ke share duwatsu da ƙayoyin Spikes, ya kuma ƙara masa gudu. Shi ne kuma ke watsa nawa Stealth Rock ɗin. Ka lura da lissafin duwatsun: kashi ɗaya cikin takwas na jini suke ci a kan dodon da Dutse bai dame shi ba, rubu'i a kan mai rauni ninki biyu, rabi a kan mai ninki huɗu irin Charizard da Volcarona. A wasan da ake canji sau ashirin, wannan ba ƙaramin haraji ba ne. Tawagar da ba ta watsawa kuma ba ta sharewa tana biyan haraji ita kaɗai.

Great Tusk yana tsoron Ruwa, Ƙanƙara da Sama, ga Ciyawa da Siddabaru da Aljana. Ukun farko duk Rotom-Wash na jure su. Shi Lantarki ne da Ruwa, baiwarsa Levitate ta ɗauke masa Ƙasa, Ciyawa kaɗai ke cutarsa. Aikinsa a wurina dillanci ne: Volt Switch yana bugu sannan ya fita ya shigo da wanda nake so. Yana kuma da Will-O-Wisp mai ƙuna, kuma dodon da ya ƙone bugun jikinsa rabi yake komawa. Ga wani amfanin da ban gane ba sai daga baya. Masu tare Dragonite, irin su Corviknight da Earthquake ba ya taɓawa, da Dondozo da baiwarsa Unaware ke sa ya yi biris da duk rawar da ka yi, dukansu Lantarki na cutarsu. Wato Rotom yana sassaƙe mini su tun da wuri.

Na biyar Kingambit, Duhu da Ƙarfe. Ya rufe mini ƙofar Fatalwa da Duhu da suka rage wa Gholdengo, Siddabaru kuma ba ya taɓa shi. Baiwarsa Supreme Overlord tana ƙara wa bugunsa kashi 10 cikin 100 kan kowane ɗan'uwansa da ya faɗi, har kashi 50 in shi kaɗai ya rage. Shi ne hanyata ta biyu idan Dragonite ya faɗi da wuri. Tawaga mai hanya ɗaya tak, ranar da aka toshe ta sai kallo.

Gurbi na shida ya fi ba ni wahala, kuma kuskurena a nan ya fi abin da na yi daidai koyarwa. Tawagar ba ta da gudu, sai na sa Meowscarada mai gudun asali 123 da U-turn, bugun da shi ma ke fita irin Volt Switch. Kwana uku ina shan kashi ban san dalili ba. Wani malamin lissafi da ke kawo caji ya karɓi biro ya zana mini tebur a bayan kwalin batir: jinsi 18 a jere, kowanne a rubuta nawa ke tsoronsa, nawa ke jure shi. Muna zuwa kan Aljana abin ya fito fili. Dragonite, Great Tusk da Meowscarada duk tana cutarsu, mai jure ta Gholdengo ne kaɗai. Da zarar an raunata shi, ƙofar a buɗe take.

"Malam, to mi za a yi?" na ce.

"Ranka ya daɗe, gari mai ƙofofi da yawa ai ba a ba mutum ɗaya gadin babbar ƙofa," ya ce, ya ɗauki wayarsa ya wuce.

Na cire Meowscarada na sa Cinderace. Gudunsa 119, shi ma yana da U-turn, kuma Wuta na jure Aljana da Ƙanƙara da Ciyawa. Abin da na biya shi ne yanzu uku ke tsoron Ƙasa: shi, Gholdengo da Kingambit. Na yarda da cinikin saboda ina da biyu da Ƙasa ba ta taɓa su sam. Ba za ka taɓa rufe ƙofofin duka ba. Ka dai zana teburin, ka ga wace ka bari, kuma ka tabbata kai ka zaɓi barinta. Ƙa'idata ita ce: jinsin da ke cutar uku daga cikin shidana, sai in ina da biyu masu tare shi.

Hali, horo da laya

Kowane dodo na da awo shida: jini, bugun jiki, kariyar jiki, bugun sihiri, kariyar sihiri, gudu. Ana ba ka makin horo 510 ka raba, ba wanda zai wuce 252 a awo ɗaya, kuma a mataki na 100, wato ƙarshen girman dodo, kowane huɗu ke ba da ɗigo guda. Sabon shiga yakan barbaɗa su ko'ina kamar gishiri. Kar ka yi haka. Mai bugu, zuba masa 252 a bugu, 252 a gudu, cikin shidan da suka rage huɗu ne ke aiki, ka sa su inda ka ga dama. Ganuwa, wato dodon da aikinsa shan duka, 252 a jini da 252 a kariyar da kake so. Rabon da ya fi wannan wayo sai ka san takamaiman bugun da kake son jurewa, kuma akwai manhajar lissafin bugu ta Showdown don haka.

Hali yana ƙara kashi 10 a awo ɗaya ya rage 10 a wani. Ka rage wanda dodon ba ya amfani da shi. A nan zan ɗan daɗe, domin lambobin gudu su ne inda ake yanke hukunci. Gudun asalin Dragonite 80 ne. Da cikakken horo da hali Adamant mai ƙara bugu, gudunsa 259, bayan rawa ɗaya 388. Da hali Jolly mai ƙara gudu, 284, bayan rawa 426. Dragapult mai gudun asali 142, in an cika masa horo da hali, 421 yake. Shi kuma Fatalwa ne, Extreme Speed ba ya taɓa shi. To Adamant zai yi rawarsa ya gama, Dragapult ya riga shi bugu. Jolly kuwa ya wuce shi da ɗigo biyar. Wanda ya fi gudu ko da ɗigo ɗaya shi ke fara bugu, in kuma an yi kunnen doki ƙuri'a ce. Shi ya sa Garchomp mai 102 ke taƙama a kan tarin dodanni masu 100: 333 da 328. Ni Jolly na zaɓa, don ƙanena ba ya rabuwa da Dragapult. Wanda ba ya yawan haɗuwa da shi, Adamant ya fi masa.

Layu kuwa ga waɗanda za ka fi gani. Leftovers na maido kashi ɗaya cikin 16 na jini kowane zagaye. Life Orb na ƙara kashi 30 a bugu amma yana cin kashi 10 na jininka duk bugu. Focus Sash na hana a kashe ka da bugu ɗaya in jininka a cike yake, shi ya sa duwatsu ke lalata ta. Rocky Helmet na cin kashi ɗaya cikin shida na jinin duk wanda ya taɓa ka da jiki. Sai 'yan ukun nan, Choice Band, Choice Specs da Choice Scarf, masu ƙara rabi a bugun jiki ko na sihiri ko gudu, da sharaɗin bugun da ka fara da shi shi za ka yi ta yi har ka fita. Wannan sharaɗin ka riƙe shi, zai dawo.

Kan zaɓin bugu magana ɗaya ce: duba lambar dacewa. Fire Blast ƙarfi 110 amma kashi 85 yake samu. Flamethrower 90 ne kuma ba ya kuskure. Focus Blast kashi 70 ne, wato in kana buƙatar ya samu sau biyu a jere, damarka 49 ce cikin 100, ba ta kai rabi ba. Rotom-Wash ɗina bugun Ruwan da yake da shi Hydro Pump ne mai kashi 80, kuma ya sha sa ni salati a gaban kwastoma.

A cikin fili

Kafin a fara ana nuna maka shidansa, shi ma ya ga naka. Kar ka yi saurin danna komai. Tambayi kanka abu uku. Cikin nasa wa ke tare Dragonite? Cikin nasa wa zai iya share ni, kuma wane nawa ne ke hana shi? Wanne nawa ne ba shi da wani aiki a wannan wasan? Na farko shi za ka yi ta sassaƙa. Na biyu ya gaya maka dodon da ba za ka yi wasa da jininsa ba ko ana ha-maza-ha-mata. Na uku shi ne abin sadaka idan ta kama a ba da wani.

Canji yana faruwa kafin kowane bugu, don haka wanda ya shigo shi ke shan dukan. Wannan ne ya sa dillali marar gudu ya fi mai gudu amfani a wasu lokutan. Idan Rotom ya fi jinkiri, shi zai sha bugun, sannan ya yi Volt Switch ya shigo da Cinderace lafiya lau. Sai dai ka tuna dodon Ƙasa na iya shigowa ya toshe Volt Switch, ka tsaya cak a fili.

Yanzu maganar hasashe, wadda yara suka fi so. Ga misali daga bencinmu. Great Tusk ɗina na fili, duwatsu na gefena, ƙanena yana da nasa Gholdengo a baya. Ya san ina son Rapid Spin, kuma Rapid Spin bugun Normal ne, ba ya taɓa Fatalwa, to in ya shigo da shi sharar ta tashi a banza. Defog, wata hanyar shara, ita ma baiwarsa Good as Gold tana hana ta. Na san ya sani. Sai in danna bugun da zai tarbi Gholdengo. Headlong Rush na Ƙasa ya fi ƙarfi, amma in yana riƙe da Air Balloon ba zai taɓa shi ba. Knock Off kuwa Duhu ne, yana cutarsa, ya kuma raba shi da layar. Shi nake dannawa, don ko bai canza ba, wanda ke fili zai rasa tasa layar. Wannan shi ne hasashen kirki: wanda in ka yi kuskure asararka kaɗan ce. Hasashen da in ya kuskure wasan ya ƙare, ajiye shi sai ranar da kake baya kuma ba wata mafita. In kana gaba, danna abin da ba shi da haɗari. A ƙasan tsani ma, wajen maki 1000 zuwa 1200, yawancin mutane abin da ke gabansu kawai suke bugu, kai kana can kana karanta tunanin da ba a yi ba.

Ga inda sharaɗin layun Choice ke dawowa. A ce dodonsa mai Choice Scarf ya kashe mini Kingambit da Earthquake. Ya ɗaure kansa da bugun Ƙasa. Sai in shigo da Dragonite: ko ya tsaya yana bugun iska, ko ya canza, ko ta yaya na samu rawa ɗaya kyauta. Sau da yawa da gangan nake ba da dodon da ya gama aikinsa don in samu wannan zagayen. Yadda za ka gane laya: dodon da ya riga naka alhali lissafi ya ce bai kamata ba, Scarf ce, wanda ya shigo duwatsu ba su yanke shi ba, galibi takalma ne, wanda jininsa ke ɗan ƙaruwa ƙarshen zagaye, Leftovers. Allon yana gaya maka komai in kana karantawa.

Tera, canjin jinsin da zamanin Scarlet da Violet ya kawo, sau ɗaya ake yi a wasa. Dragonite ɗina Normal yake komawa: raunin Ƙanƙara da Aljana ya tafi, Extreme Speed mai ƙarfi 80 ya zama bugun gida, 120 ke nan. Kar ka ƙona ta a zagaye na uku don ceton dodon da ba shi zai ci maka wasa ba. Kuma kafin ka ce ka gama da mutum, duba ko ya yi tasa.

Idan ta kai ga Kingambit shi kaɗai, Sucker Punch ne makaminsa, mai riga fita amma sai in abokin karawa bugu ya danna. Ya canza ko ya yi wata dabara, naka ya faɗi a banza, kuma sau takwas kawai kake da shi. A nan kam sai sanin halin mutum. Ƙanena in ya matsu bugu yake yi, bai taɓa iya haƙuri sau biyu a jere ba.

Sa'a ma tana da kasonta. Bugun da ake kira critical, mai fin ƙarfin da aka saba, yana zuwa sau ɗaya cikin 24, shanyewar lantarki na hana motsi sau ɗaya cikin huɗu, kowane bugu kuma yana lilo tsakanin kashi 85 da 100 na ƙarfinsa. Za a ci ka da su, kai ma za ka ci da su. Ajiye maimaicin wasan ka sake kallo da safe, yawanci za ka tarar da zagayen da ka ba sa'a ƙofa da hannunka.

In bibbiyu ne ya fi burge ka

A VGC kana zuwa da shida ka zaɓi huɗu, kowa a mataki na 50, kuma ba a maimaita laya a tawaga. Wasan gajere ne, duwatsu ba su da kasuwa sosai. Protect, mai kare dodo daga bugu a wannan zagayen, shi ne sarki, sai Fake Out mai hana motsi a zagayen shigowa, sai sarrafa gudu da Tailwind mai ninka shi na zagaye huɗu ko Trick Room mai juya tsari marar gudu ya riga. Bugun da ke samun biyu lokaci guda kashi 75 na ƙarfinsa yake yi. Incineroar ya yi suna a nan saboda baiwarsa Intimidate mai rage bugun jikin abokan karawa, da Fake Out, da Parting Shot mai rage ƙarfin abokin karawa sannan ya fita, ba don yana kisa ba. A gasar duniya ta 2014 a birnin Washington, Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu, ɗan kurege da ba wanda ke kallo. Aikinsa Follow Me ne, ya janyo bugu kansa, ya shanye Lantarkin da aka nufi Gyarados da shi. Tambayar dai ita ce, wa zai tare wa wani.

Abu biyu na gida kafin in rufe shago. Wasan OU yana iya kai zagaye 40, to kar ka fara in an kusa kiran salla, kuma kar ka fara da batir ja ko a lungun da sabis ke rawa, don agogon wasan ba ya jira, in ya cika an ci ka. Sannan karen bana shi ke maganin zomon bana: ana hana wasu dodanni, wasu su canza aji, saboda haka kafin ka kwafi tawagata ka danna maɓallin tantancewa a wajen haɗawa ka ga ko har yanzu ta halatta. Ka buga mata wasa ashirin kafin ka taɓa komai, kana rubuta sunan dodon da ya kashe ka kowane karo. Sunan da ya fito sau huɗu, shi za ka nemo wa mai tarewa, kuma gurbi ɗaya za ka canza a lokaci guda.

A takardata ta wannan makon sunan da ke maimaituwa Dondozo ne. Ƙanena ya gano in ya lallaɓa ya kashe Rotom da wuri, Dragonite da Kingambit duk sai su yi ta dukan bango. Jiya na gwada ba Gholdengo Thunderbolt, bugun sihiri na Lantarki, tunda kariyar sihirin Dondozo ba ta kai ta jikinsa ba. Na ci biyu, ya ci ɗaya, sannan wuta ta ɗauke, masu caji suka taso mini.